Ƙafafun Jirgin Kawu

"Umma, ni fa tsoro nake ji."

Difloma ya faɗi haka ne yana tsugune ƙarƙashin fiffiken hagu, hannunsa a kan taya, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada Kawu ya ji. Mahaifiyarsa na tsaye a kansa tana shafa yadin fiffiken da tafin hannu, tana neman inda ɗinki ya yi tattara. Ita ta ɗinka wannan yadi da kekenta, saboda haka ba ta yarda da idon kowa a kansa ba sai nata.

"Tsoron me kuma? Kai za ka tuƙa?"

"Ba ni zan tuƙa ba. Amma ƙafafun nawa ne."

"To ka riƙe tsoronka da kyau, kada ya zube a gaban kawunka. Ka dai san bakinsa."

Jirgin na Kawu ne, ƙanin Umma, wanda yake gyaran babura tun kafin a haifi Difloma. A bayan garejinsa ya ƙera shi, da bututun ƙarfe da walda da wani inji da ya kwance ya sake haɗawa har ya daina tari. Ƙaramin jirgi ne mai kujera biyu, da manyan tayoyi biyu a gaba da ƙaramar taya guda ƙarƙashin wutsiya. A cikin jirgin kaf, abu ɗaya ne Kawu ya sakar wa wani, wato ƙafafun da ke ɗauke da manyan tayoyin. Niyyarsa tun farko ita ce ya walda bututu masu tauri ya ɗaura musu shokar babur. Ɗan 'yar'uwarsa, wanda ya dawo daga makaranta da takardar difloma a aikin injuna har ta zama masa suna, ya yi ta roƙo, ya zana, ya lissafa, ya sake lissafawa, har Kawu ya gaji ya bar shi ya yi su da ƙarfen sifirin mai lanƙwasa, irin wanda ke ƙarƙashin manyan motoci.

Sai dai da sharaɗi aka yi yardar. Kawu ya ce ranar da ƙafafun suka yi masa rashin kunya a ƙasa, a ranar zai yanke su ya sa nasa. Kuma da safen nan, da ake loda kayan aiki za a taho filin, Difloma ya ga injin yankan ƙarfe da idonsa an tura shi cikin akwati, an ɗora masa tsumma. Tun da ya gama makaranta bai sami aiki ba, kuma cikin duk abin da ya taɓa zanawa, waɗannan ƙafafu biyu ne kaɗai suka bar takarda suka zama ƙarfe.

Filin tsohon wurin saukar jiragen feshin gona ne: doguwar kwalta da ciyawa ta fara ci daga gefe, da wata babbar rumfar kwano mai ƙarfe a gicciye a sama. Wanda zai gwada jirgin shi ma tsohon ma'aikacin filin ne. Kyaftin ake ce masa, dattijo mai jiki, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa jiragen feshin nan. Ya zagaya jirgin yana ƙwanƙwasa nan, yana girgiza can, sannan ya tsaya a gaban Kawu.

"Maigida, mu fahimci juna. Yau ba tashi za a yi ba. Gudu zan yi a ƙasa har wutsiya ta ɗaga, in ga ko yana jin magana."

"Yana ji, Kyaftin. Ni na haife shi."

"Ai shi ya sa nake tambaya."

Umma ta fashe da dariya. Aka ɗaure buhun yashi a kujera ta biyu domin ya tsaya a madadin mutum, Kyaftin ya hau yana nishi, ya ja bel ya ɗaure cikinsa. Kawu ya kama farfela da hannu biyu ya wulla ta. Injin ya yi atishawa, ya yi shiru. Ya sake wullawa. Sai ƙara ta cika filin, ciyawar bayan jirgin ta kwanta, mayafin Umma ya nemi ya bar ta.

"Hau!" Kawu ya daka wa Difloma tsawa, ya riga ya tayar da babur. "Hau mu bi shi!"

Jirgin ya fara tafiya kamar mai jin kunya, sannan ya saki jiki. Suka bi shi ta gefen kwalta, Kawu yana murɗa babur yana ihu, Difloma a bayansa ya ƙanƙame shi, idonsa kafe a kan tayoyin. Suna juyawa. Ƙafafun suna lotsawa suna dawowa a kan kowane rami, daidai yadda ya lissafa, kuma ganin haka ya sa wani daɗi ya taso masa daga ciki har ya ji shi ma yana ihu ba tare da ya san lokacin da ya fara ba. Jirgin ya tsere wa babur. Wutsiya ta ɗaga.

"Ka gani? Ka gani?" in ji Kawu. "Ɗan albarka! Tafi!"

A daidai nan hancin jirgin ya karkata hagu. Kyaftin ya dawo da shi, sai ya zarce dama fiye da yadda ya je hagu. Ya sake dawowa hagu da ƙarfi, tayoyi suka yi kuka, jirgin ya bar kwalta ya faɗa ciyawa, ya juya a wuri ɗaya har wutsiya ta koma inda hanci yake. Bakin fiffike ya sunkuya ya shafi kan ciyawa, ya miƙe. Injin ya mutu.

Kafin babur ya gama tsayawa Difloma ya dire. Ya tarar da Kyaftin zaune lafiya lau, yashi ya rufe masa cinya, domin buhun ya fashe.

"Kyaftin, ba ka ji ciwo ba?"

"Ni ƙalau. Injin ƙalau, fukafukai ƙalau." Ya kwance bel, ya zuro ƙafa ɗaya waje. "Ƙafafun nan ne ba su da tarbiyya. Ina cewa gabas, ɗaya tana cewa kudu, ɗaya tana cewa arewa. Ba zan ƙara hawa ba sai an raba musu gardama."

Ya sauko da dukkan nauyinsa. Tayar hagu ta yi wani ɗan ƙara a ƙasa, jirgin ya ɗan miƙe tsaye. Difloma ya ji ƙaran, amma a lokacin hankalinsa na wajen Kawu.

Suka tura jirgin zuwa rumfa, Umma tana biye tana salati tana duba bakin fiffikenta. Kawu ya jefa sarƙar ɗaga kaya kan ƙarfen rufin, ya maƙala ta a jikin jirgin, ya ja har tayoyin suka bar ƙasa suna lilo.

"Ba zan zalunce ka ba, Difloma," in ji shi. "Kawo tef ɗinka na awo. Auna da hannunka."

Difloma ya ɗauko dogayen ƙarafa biyu miƙaƙƙu, ya ɗaure kowanne a jikin taya ɗaya, suka miƙa gaba kamar hannuwa. Ya auna tsakaninsu kusa da tayoyin, ya je can ƙarshensu ya sake aunawa. Awon ɗaya ne. Tayoyin suna kallon gaba sak, kamar ranar da aka ɗaura su a gareji.

"To," in ji Kawu. "Taya ba ta da laifi, ɗauri ba shi da laifi. Saura me? Ƙarfen nan naka ne yake rawa kamar bulala in gudu ya yi gudu. Na faɗa maka tun farko, abin da zai ɗauki ran mutum ba ya son laushi." Ya yaye tsumman da ke cikin akwati, ya fito da injin yankan ƙarfe. "Tayar mini da janareta."

"Kawu, don Allah ka ba ni ɗan lokaci."

"Lokacin me? Ka sake lissafi? Lissafin ne ya kai Kyaftin cikin ciyawa."

"Auta," in ji Umma, ita kaɗai ce take kiransa haka, "ajiye abin nan ka sha shayi. In ka yanke yatsa ni ba na ɗinka fata."

"Yaya, wannan maganar maza ce ta aiki."

"Fiffiken da ka rataya a jirgin maza ne suka ɗinka? Zauna."

Kawu ya zauna a kan akwati, injin a cinyarsa. Difloma ya fice daga rumfar, don ba zai iya kallon abin ba. Ƙafarsa ta kai shi kan kwalta, ya bi hanyar da jirgin ya bi, kansa a sunkuye. Da farko baƙin ciki ne ya sunkuyar da kan. Can sai ya lura da abin da yake takawa.

Layuka biyu ne baƙaƙe a kan kwaltar, na hagu ya fi duhu. Ya ɗauka a wurin da jirgin ya karkace suka fara, sai ya bi su da baya. Ba a can suka fara ba. Tun daga inda jirgin ya fara gudu suke, tun yana tafiya a miƙe. Ya tsuguna ya shafa, garin roba ya manne masa a yatsa. Tayar da ke kallon inda take tafiya birgima take yi, ba ta barin baƙi a ƙasa. Wadda ta bar wannan zane, jan ta aka yi a karkace tun daga farko.

Ya koma rumfa da gudu, ya wuce Kawu da kofinsa, ya kama tayar hagu. Gefenta na waje ya yi kaushi, ya ɗan yi gashi-gashi kamar an goga shi a dutse, na ciki kuwa sumul. Ke nan a kan kwalta tayoyin a karkace suke, a kan sarƙa kuma a miƙe. Ya tsaya yana kallon yadda suke lilo, babu abin da ke danne su, sai ƙaran nan da tayar ta yi lokacin da Kyaftin ya sauka ya dawo masa a kunne.

"Kawu!" Ya ƙwala kira. "Sauke shi! Sauke shi ƙasa!"

"Wa yake auna taya a ƙasa?"

"Mu, yau. Kawu, a sama muka ɗaura su, a sama muka auna su, yanzu ma a sama muka sake aunawa. Amma a ƙasa suke aiki, da Kyaftin a kansu."

"Kai, ka ji yaro," in ji Kyaftin daga inda yake kakkaɓe yashi. "Ni ne matsalar ke nan?"

"A'a, ranka ya daɗe, nauyinka nake so. Ka ara mini shi."

Ya zazzage akwatin tarkace ya fito da fallayen ƙarfe huɗu, ragowar abin da aka rufe gaban jirgin da shi. Ya lafta man giris tsakanin kowane biyu, ya haɗa su, ya shimfiɗa ƙarƙashin kowace taya. Yana yi yana bayani da sauri har kalmominsa na tuntuɓe da juna: roba tana kama siminti, ba za ta bar ƙafar ta buɗe yadda take so ba, amma a kan giris za ta zame ta je inda nauyi ya tura ta, kamar yadda take yi in tana gudu. Kawu ya ajiye kofi. Bai ajiye injin yankan ba, amma ya miƙe ya saki sarƙar da hannu ɗaya, a hankali, har tayoyin suka zauna a kan fallayen.

Kyaftin ya hau. Fallayen suka zame waje da ɗan ƙara, giris ya fito ta gefe.

"Saura nauyin buhu," in ji Difloma. Ya dubi buhun da ya fashe, ya dubi mahaifiyarsa.

"Kada ka soma," in ji Umma.

"Umma, don Allah."

"Ni ce buhun yashi yanzu? Na haife ka, na yi maka makaranta, sakayyar ke nan?"

"Hau, Yaya," in ji Kawu, karo na farko da bakinsa ya motsa da murmushi tun daga ciyawa. "Ai kin fi buhun ma daidaito."

"Zan sauko in same ka."

Ta tattare zaninta ta hau, ta zauna kusa da Kyaftin tana gyara mayafi kamar wadda za a ɗauka hoto. Ƙafafun suka ƙara buɗewa. Dogayen ƙarafan da ke ɗaure a tayoyin, waɗanda ɗazu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, suka juyo a gaban idon kowa, bakunansu suka nufi juna. Ba a ma bukatar tef. Na hagu ya shigo ciki sosai, na dama ya shigo kaɗan.

Difloma ya yi tsalle har kansa ya bugi fiffike.

"Ga shi! Kawu, ga shi nan! Gwame yake yi! In nauyi ya hau, ƙafar tana buɗewa tana ɗan murɗawa, sai tayoyin su kalli juna. Ta hagu tana tura shi dama, ta dama tana tura shi hagu, wadda nauyi ya fi dannewa ita ke cin nasara!"

Kawu ya zo ya tsaya tsakanin ƙarafan. Ya ce wa Kyaftin ya ɗan ɗaga jikinsa. Ƙarafan suka buɗe. Ya ce ya zauna. Suka rufe. Ya sa shi ya sake, ya kuma sake, har Kyaftin ya ce shi ba wasan yara ya zo yi ba. Sannan Kawu ya dafe kansa da hannu ya fara dariya, irin dariyar da ke fitowa daga ciki.

"Kai! Babur ya cuce ni. Duk rayuwata, in zan daidaita taya sai na ɗaga ta ta bar ƙasa, in juya ta in saurara. Yaron da ya auna mini taya a ƙasa, a ranar yake barin garejina. Ashe shi wannan ƙafarsa buɗewa take yi."

"Ni ma a garejin na tashi, Kawu. Ko sau ɗaya ban tambaya ba."

Dariyar ta tsaya. Kawu ya ɗaga injin yankan ya nuna ƙafar da shi.

"Amma tsaya. Maganata tana nan. Ƙarfenka ne yake lanƙwasa. Nawa da ba zai motsa ba."

Difloma ya dafa ƙafar. "Don ya lanƙwasa aka yi shi. In jirgi ya sauko ya bugi ƙasa, wani abu sai ya sha bugun. In ƙafa ba ta sha ba, jikin jirgin zai sha, da wanda ke ciki."

"Wannan gaskiya ne," in ji Kyaftin daga sama. "Na taɓa sauka da mai taurin ƙafa. Har yau in hadari ya haɗu bayana ne yake fara sani."

"To ya za a yi da gwamen?" in ji Kawu.

"A karkatar da tayoyin waje kaɗan tun suna sama, yadda in nauyi ya hau za su dawo daidai. Tsakanin ƙafa da sandar taya za a sa siririn ƙarfe, gefe ɗaya da kauri, ɗaya gefen kamar bakin wuƙa. Na san kaurin da ake so. Amma hannuna ba zai iya fitar da shi ba, Kawu. Sai naka."

Kawu ya dube shi. Ya sunkuya ya ajiye injin a ƙasa, kusa da ƙafarsa, inda hannu zai kai.

"Gudu ɗaya," ya ce. "In ya sake shiga ciyawa, ba na son jin komai. Miƙo magagari."

Daga nan rumfar ta zama kamar gidan da ake shirin tafiya. Kawu ya matse guntun ƙarfe ya hau shi da magagari, kafaɗunsa na kai da komo, yana ɗagawa yana hangen bakinsa da ido ɗaya. Difloma yana jan sarƙa, yana kwance notuna, yana zura ƙarfen, yana ɗaurewa, yana saukewa. Kyaftin da Umma kuwa suka yi ta hawa da sauka. Aka gwada, ta hagu ba ta dawo sosai ba. Aka ƙara kauri, ta wuce. Kawu ya rage da shafa biyu na magagari.

"Ni fa ban taɓa shiga jirgi ba," in ji Umma tana hawa a karo na ba-a-san-adadi ba, "yau ga shi na shiga har na gaji, ban je ko'ina ba."

"Hajiya, haka aikin yake," in ji Kyaftin. "Rabinsa zama ne."

A tsakanin hawa da hawa ta ciro allura da zare daga jakarta ta ɗinke buhun, ta sa Difloma ya cika shi, ta ce ita ta yi murabus. A gwaji na ƙarshe ƙarafan suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, da nauyi a kansu. Difloma ya auna kusa, ya auna nesa, ya sake aunawa don bai yarda da daɗin da yake ji ba. Da aka ɗaga jirgin don a cire fallayen, tayoyin suka baje waje kamar ƙafar agwagwa, Kawu ya kau da kai.

"Sauke shi da sauri. Idona ba zai iya kallon wannan ba."

Wajen ɗaurin ƙarshe ne Difloma ya ga abin da ya rage masa murna. Sabon ƙarfen ya cinye tsawon ƙusoshin da ke riƙe sandar taya. A da kowace ƙusa tana leƙowa bayan noti, har a zura mata siririn fil da ke hana notin warwarewa. Yanzu a ƙafar hagu notin ya rufe ramin fil ɗin. Ya ɗaure iya ƙarfinsa, ya ɗebo fenti a tsinke ya ja layi daga kan kowane noti zuwa jikin ƙafa, domin in ya motsa a gani. Ya gaya wa Kyaftin. Kyaftin ya leƙa, ya ce don gudun ƙasa ya isa.

Rana ta karkata lokacin da suka mayar da jirgin bakin kwalta. Wannan karon wulli ɗaya injin ya kama. Kawu bai ce a hau babur ba, Difloma ne ya riga shi hawa.

Jirgin ya tafi. Difloma ya kafa ido a kan layin tsakiyar kwaltar, wanda ya kusa gogewa, yana jiran hancin ya bar shi. Gudu ya ƙaru. Wutsiya ta ɗaga. Ga wurin da ya karkace ɗazu, ga ciyawar da ya kwantar, jirgin ya wuce su ko kallo bai yi ba. Ya miƙe sak kamar an ja shi da zare. Ƙafafun suka fara tsukewa, alamar fukafukai sun karɓi nauyi, har Difloma ya rantse ya ga haske tsakanin roba da kwalta. Sai ƙarar injin ta sauka, wutsiya ta koma ƙasa a hankali, jirgin ya yi ta tafiya a miƙe har ya tsaya can ƙarshen fili.

Kawu ya saki babur tun bai kafe shi ba. Ya rungumi Difloma ya ɗaga shi sama, ya dire shi, ya ruga ya sumbaci hancin jirgin, ya ƙone leɓe, bai damu ba. Daga nesa ana hango Umma tana tahowa da gudu, takalmanta a hannu.

"Kyaftin! Yaya ka ji shi?" in ji Kawu.

"Kamar an canza shi." Fuskar dattijon ta koma ta saurayi. "Da ƙyar na riƙe shi a ƙasa. So yake ya tafi."

"To a bar shi ya tafi mana! Ga mai a tanki, ga rana da saura, iska ta kwanta. Zagaye ɗaya, Kyaftin, ɗaya tak, in gan shi a sama kafin in mutu!"

"Ni na ce yau ba tashi, amma wallahi ka taɓa mini inda yake min ƙaiƙayi." Kyaftin ya leƙo ta gefen kujera. "Sai dai ba ni zan yanke ba. Tashi nawa ne, sauka ta mai ƙafa ce. Difloma, me ka ce?"

Difloma ya shiga ƙarƙashin fiffike. Babu abin da yake so a duniya kamar ya fito ya ce a tafi. Ya duba ƙafar dama, layukan fenti suna nan a haɗe. Ya zagaya hagu. Uku suna nan. A na huɗu layin ya rabu, rabin da ke kan noti ya gusa daga rabin da ke jikin ƙafa, da kaurin farce.

Ya daɗe a tsugune. In ya yi shiru, wataƙila notin ya riƙe, a yi zagaye ɗaya a sauko lafiya. In ya yi magana, ya miƙa wa Kawu sabon laifi a kan ƙafafun da hannunsa, a daidai lokacin da mutumin ya fi son jirginsa a sama. Ya fito ya miƙe.

"Kawu, noti ɗaya ya motsa. Gudu ɗaya kawai aka yi ya motsa. Ƙusoshin sun yi gajere, sai an sa dogaye masu ramin fil. Ban yarda a tashi a kansu ba."

Umma ta iso tana haki, ta dubi ɗanta, ta dubi ƙaninta. Murnar ta bar fuskar Kawu kamar an share ta. Ya zaro sifana daga aljihun baya, ya durƙusa, ya shige ƙarƙashin fiffiken. Suka ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Ya ɗora sifanar a kan notin ya ɗan taɓa, notin ya bi hannunsa ba gardama. Ya zauna a wurin yana kallon layin fentin, ya kai yatsa ya shafa ƙarfen ƙafar tun daga sama har ƙasa.

Da ya fito, gwiwoyinsa duk ƙasa, bai dubi kowa ba sai jirgin. Ya share hannu a riga, ya ɗaga murya yadda har rumfar da ke can nesa ta amsa.

"Kyaftin, sauko, yau ba tashi. Ƙafafun nan sun zauna, ba mai taɓa su. Gobe ni da kaina zan nemo dogayen ƙusoshi, kuma jirgin nan ba zai bar ƙasa ba sai ranar da Difloma ya ce ya bari. Yaya, sa takalmanki ki kama wutsiya, mu tura."